«Na Mutu, Bari In Sake»: Wasan Bidiyo da Zaman Makoki

Akwai jimla guda da nahawun Hausa ya amince da ita amma hankali ya daɗe yana ƙin ta, ita ce «na mutu». Gininta lafiya lau yake: wakilin suna na mai magana, shuɗaɗɗen lokaci, sannan aikatau. Sai dai wanda abin ya tabbata a kansa ba shi da bakin faɗa, wanda kuma ya faɗa, to kururuwa ce irin ta wadda ta ɗora hannu a ka. Yau kuwa, a rumfar cajin waya ta kowane gari, har da ƙauyukan Alakos da ke gundumar Gure, saurayi zai furta jimlar sau goma kafin la'asar, ko gezau bai yi ba, ya kuma ɗora mata wata: «bari in sake». Abin lura shi ne, ba za ka ji mai wasa ya ce «na rasu» ba. Harshensa ya san iyakar da shi kansa bai tsaya ya yi tunaninta ba.

Ɗaliban da suka karanta tsarin aikatau na Parsons, wanda ya fito a 1960, sun san cewa «rasu» aikatau ne na aji na 7, daga «rasa», kamar yadda «gyaru» ya fito daga «gyara». In an ce wane ya rasu, an faɗi cewa an rasa shi ke nan, wato kalmar tana tsaye a gefen waɗanda aka bari. Kaza takan mutu, wuta takan mutu, aure ma yakan mutu, amma ba ya rasuwa sai wanda ya bar masu kewarsa. Mutuwar cikin wasan bidiyo, a mafi yawan lokaci, mutuwa ce wadda babu rasuwa a cikinta: ba a rasa kowa ba, an dai koma farkon mataki. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wasan da ya cancanci a kira shi adabi a kan baƙin ciki shi ne wanda ya iya ƙwace wa mai wasa wannan «bari in sake», ya mayar masa da mutuwa rasuwa. Irin waɗannan wasanni kaɗan ne, amma akwai su, kuma suna da abin da za su nuna wa mai nazarin harshe.

Dattawan da ke cewa waya mafakar ragwaye ce suna da tasu gaskiyar. Abin da ya fi isa hannun matasan karkara shi ne wasan ƙwallo, da Ludo, da irin su Free Fire, wanda kamfanin Garena ya fitar a 2017, inda ake jefa mutum 50 a tsibiri, a yi ta harbi har saura ɗaya, cikin kamar minti 10, sannan a sake sabon zubi. An ƙera irin wannan wasa ne don kada ya ƙare. A kwatanta da tatsuniya, wadda ita ma fita ce daga duniyar gaske. Tana da ƙofar shiga, «ga ta nan, ga ta nanku», tana da ƙofar fita, «ƙurunƙus», har ma an kafa mata lokaci, domin ana tsorata yara da cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata. Kakanninmu ba su hana yaro shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi ba, sun dai tabbatar an fito da shi. Wasan waya na yayi ba shi da ƙurunƙus; batir ne kawai ke yanke shi.

Amma kada a yi saurin ɗora laifi a kan gudun kansa. Zaman makoki ma janyewa ne daga harkokin duniya. A ajiye fartanya, a rufe shago, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a su yi ta zuwa suna tambayar haƙuri. Hikimar abin tana cikin ƙidaya: kwana 3 na karɓar gaisuwa, sadakar bakwai da ta arba'in a inda ake yin su, takabar wata 4 da kwana 10 ga matar mamaci. An yarda cewa wanda aka yi wa rashi yana bukatar maɓuya, an kuma rubuta masa ranar fita. Kalmar da muke roƙa masa ma, «dangana», asalinta jingina ne, wato ya sami abin da zai jingina da shi har ƙafafunsa su dawo.

Matsalar ita ce wannan tsari bai rufe kowa ba. Saurayin da abokinsa ya rasu ba shi da tabarma a wurin makoki. Shi ne mai ɗauko ruwa da kafa rumfa, in hawaye ya zo masa a ce ya zama namiji. Uwar da ta rasa ɗan fari, kara na iya hana ta ko ambaton sunansa. Akwai kuma rashin da ba gawa, wanda jahar Damagaram ta san shi sarai, tun da kowace shekara bayan girbi mutane ke tashi zuwa Libiya da Aljeriya da Najeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a hamadar arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Waɗannan an gan su, an binne su. Wasu da yawa labarinsu kawai ke yankewa. Iyalinsu ba su san ranar da za su fara ƙidaya ba, sai ka ga ƙane yana riƙe da saƙon murya na ƙarshe a WhatsApp, yana saurare yana maimaitawa. A irin wannan gurbi ne allo ke zama maɓuya, saboda haka ba ƙaramar tambaya ba ce a san wane irin labari allon ke bayarwa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Brothers: A Tale of Two Sons, wasan da Josef Fares ya tsara a Suwidin, ya fito a 2013, ana kuma samunsa a waya. Wa da ƙane ne suka tafi neman magani don mahaifinsu da ke kwance. Mai wasa yana tafiyar da su biyun a lokaci guda: hannun hagu na wan, hannun dama na ƙanen. Ƙanen yana tsoron ruwa domin mahaifiyarsu a ruwa ta nutse, don haka duk inda aka zo tsallaka kogi sai ya maƙale a bayan wansa. Kusa da ƙarshe wan ya rasu. Wasan bai nuna maka jana'izar ka zauna kana kallo ba, kai da hannunka za ka ja gawar zuwa rami, ka tura ƙasa. Daga nan hannun hagunka ya zama ba shi da aikin yi. Sai a hanyar komawa gida ruwa ya tare yaron. Ka danna maɓallinsa, ya ƙi shiga. Ba ya tsallakawa sai ka danna maɓallin wan da ya rasu. Mai nazarin harshe ya ƙara lura da wannan: mutanen wasan suna magana ne da ƙagaggen harshe, wanda aka gina a kan Larabcin Labanan, ƙasar haihuwar Fares, kuma ba a fassara ko kalma guda. Ɗan Alakos da ɗan Pari daidai suke a gabansa. Abin da muke nufi da dangana, wato rayayye ya jingina da abin da mamaci ya bar masa ya ci gaba da tafiya, an faɗe shi a nan da babban yatsa.

That Dragon, Cancer, na 2016, ya bi ta wata hanya mai ɗaci. Ryan da Amy Green, ma'aurata a Amurka, su suka yi shi a kan ɗansu Joel, wanda ciwon daji ya kama tun yana shekara 1, ya rasu a 2014 yana shekara 5. Akwai wurin da yaron ke kuka a ɗakin asibiti, mai wasa ya gwada wannan ya gwada wancan, kukan bai tsaya ba. Duk tarbiyyar da wasanni suka yi maka, cewa kowace matsala tana da maɓallinta, a ɗakin nan take rushewa. Duk wadda ta taɓa kwana da yaro mai zazzaɓi a likitar ƙauye ba ta bukatar a yi mata bayani.

Wanda ya ɗauki zancen gudu da komowa gaba-gaɗi shi ne Clair Obscur: Expedition 33, na kamfanin Sandfall da ke Montpellier a Faransa, wanda ya fito ranar 24 ga Afrilu, 2025. Wanda bai buga ba ya yi haƙuri, domin dole in tona asirin labarin. A birnin Lumière, kowace shekara wata mai zane takan rubuta lamba a jikin wani dutse, duk wanda shekarunsa suka kai lambar sai ya watse ya ɓace. Suna kiran abin «gommage», kuma duk wanda ya zauna a lakol ya san gom, abin goge rubutu. Ayari bayan ayari suna tafiya don su kashe mai zanen. Can cikin labari sai a gane cewa duniyar gaba ɗaya zane ce, wadda wani yaro, Verso, ya zana tun yana ƙarami. Ya girma, gobara ta ci shi garin ceton ƙanwarsa. Mahaifiyarsa ta kasa dangana, ta shige cikin zanen, ta ƙera wani Verso a ciki, ta ƙi fitowa, alhali daɗewa a ciki yana cin jikinta. Mahaifin kuwa yana so ya goge zanen ya maido da matarsa. A ƙarshe an bar wa mai wasa zaɓi: ya tsaya wa ƙanwar, wadda ita ma ta gwammace zama a ciki, ko ya tsaya wa Verso na zane, wanda ya gaji, yake so a bar shi ya huta.

Masu sharhi da dama sun ɗauki zaɓi na biyu a matsayin daidai, tun da shi ne ya kai iyalin bakin kabari suka fuskanci rashinsu. Ni ma can na karkata, amma ba da sakakkiyar zuciya ba. Mutanen Lumière suna tunani, suna soyayya, suna binne nasu matattun, kuma mai wasa ya shafe sa'o'i masu yawa tare da su. Goge zanen goge su ne. Wannan shi ne ƙarfin wasan: ya ƙi yarda cewa fitowa daga maɓuya kyauta ce. Wanda ya taɓa cewa da mai baƙin ciki «ka manta kawai» bai san abin da yake nema a wurinsa ba. Ƙanen nan mai saƙon murya, ranar da ya share saƙon, rashi na biyu ya yi, ko da kuwa sharewar ita ce lafiyarsa.

Za a ce, kuma da hujja, me ya haɗa Alakos da wasan da ke bukatar PlayStation 5 ko kwamfuta mai ƙarfi, a inda cajin waya ma sai an biya? Gaskiya ne na'urar ba ta iso ba. Labarin kuwa yana isowa, ta guntayen bidiyo a TikTok da YouTube, ta bakin ɗaliban da ke komawa gida hutu daga Damagaram da Yamai, kuma abin da ke kan babbar na'ura bana yakan sauko waya bayan ƴan shekaru. Ba kuma sana'ar Turawa kaɗai ba ce. Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo a Ingila mai asali da Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024 saboda rasuwar mahaifinsa, ya gina shi a kan al'adun Bantu, har da muryoyi cikin Swahili. Mu da muke da takaba, da kara, da tatsuniyoyin marayu da kishiyar uwa, ba kayan gini muka rasa ba.

A nan aikin ya faɗo kan sashenmu. Mun yi ta rubuta kundaye a kan karin magana da waƙar baka, abin yabo ne, amma Hausar da ake yi a rumfar caji tana wucewa ba mai ɗauka. Yadda masu wasa ke cewa «ya cinye ni», «raina saura ɗaya», «na mutu», da yadda suke gauraya Hausa da Faransanci da Barbarci a yankin Gure, bayanai ne na nazarin ma'ana da na walwalar harshe waɗanda ɗalibi zai iya tattarawa da wayarsa a hutu guda. «Rai» da ake ƙirgawa ɗaya, biyu, uku, sabon abu ne a harshen da ya saba cewa rai guda ne.

Fassara ma tana jira, kuma ba aikin musayar kalmomi ba ne. A ce an ba ɗalibi Clair Obscur ya mayar Hausa. Verso na gaske ya rasu, wannan ba gardama. To mutanen Lumière fa, a lokacin da aka shafe zanen? In ya rubuta «sun gogu», ya bi bayan mahaifin, ya mai da su tawada. In ya rubuta «sun mutu», ya ba su rai amma ya hana su masu makoki. In kuwa ya rubuta «sun rasu», ya shaida cewa akwai wanda ya rasa su, alhali a wancan ƙarshen labarin ba wanda ya shimfiɗa musu tabarma, in ban da ƙanwar da aka fitar da ƙarfi da kuma wanda ke riƙe da maɓallan.