Arlit: Katanga ɗaya, suna biyu

Tun da gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da kamfanin SOMAÏR hannun ƙasa a watan Yunin 2025, muhawara ta fi karkata ga wanda zai sayar da ƙarfen uranium da kuma farashinsa. Amma a Arlit akwai wani gado da Faransawa suka bari wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba: yadda aka raba garin.

An kafa Arlit ne a ƙarshen shekarun 1960 saboda ma'adinai, sannan Akokan ta biyo baya da kamfanin COMINAK, wanda ya fara haƙa a 1978 ya rufe a watan Maris na 2021. Kamfanonin sun gina unguwanni bisa matsayi: Turawa da manyan ma'aikata a gefe guda, da ruwan famfo, lantarki, kanti da wurin shaƙatawa, leburori a nasu gefen. Waɗanda suka zo neman abinci ba tare da takardar aiki ba kuwa suka kafa Bukoki a bayan gari. Bayan sace mutum bakwai a watan Satumban 2010, sai aka ƙara tsaurara shingen.

Wannan zaman ware kai ana kiransa "tsaro" ko "jin daɗin ma'aikata". A Faransa kuwa, idan 'yan Afirka da Larabawa suka taru a unguwannin gefen Paris, sai a ce sun ƙi cuɗanya da jama'a; har doka aka kafa a watan Agustan 2021 da sunan yaƙi da ɓallewa. Ke nan laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai dai taruwar mutum da danginsa ba aibu ba ce. Hausawa na da zango a Kumasi da Akara, Kano na da Sabon Gari. Abin dubawa shi ne ko katangar ta raba ruwa, wuta da asibiti, kuma ko wanda ke waje yana da zaɓi.

Da wannan ma'aunin za a auna sabbin masu kamfanin. Idan manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen Turawa, Bukoki kuma ta ci gaba da sayen ruwa a jarka, to launin masu zama ne kawai ya sauya.