Tambaya Da Amsa: Wace Taya Za A Sa Wa Tsohuwar Mota?

Wani malamin makaranta ya aiko mana da takarda daga Wurno. Bayan gaisuwa da fatan alheri ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu mota Peugeot 404, ta yi shekaru a ajiye ƙarƙashin rumfa. Yanzu ya sa makanikai sun tashe ta, inji ya kama, saura tayu. Mai sayar da taya ya ce ya sa masu faɗi irin na motocin yau, wani abokinsa kuwa ya ce ya san inda a ke da tayu huɗu na asali, tun na zamanin motar, ba a taɓa ɗaura su ba. Shi ne ya ke tambaya shawarar wa zai bi.

To, Malam, kada ka bi ko ɗaya. Tayar da ta dace da motarka ita ce wadda siffarta da awonta na da ne, amma ƙirarta ta bana. Ga dalili.

Wannan tambaya ba a kanka aka fara ta ba. A Ingila akwai mutane masu kiwon tsofaffin motocin tsere, watau ƙananan nan masu kujera biyu marasa rufi, irin su MG TC ta 1945 da Jaguar XK120 ta 1948, suna tattalinsu kamar yadda barde ke tattalin doki. Maganar taya ta fi kowace magana raba kansu. Mu irin waɗannan motoci ba su bi hanyar Achida zuwa Goronyo ba, amma kada mai 404 ya raina tasa. Irinta ce ta ci babban tseren Safari na Afirka ta Gabas a 1963, 1966, 1967 da 1968, ƙanwarta 504 kuma ta ci a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Saboda haka abin da ya dame su ya dame mu.

Taya iri biyu ce, bambancin kuwa a ciki ya ke, ba a waje ba. Ta da, zaruruwan cikinta a karkace su ke, wani bisa wani suna gittar juna kamar saƙar tabarma. Wannan saƙa ta kan sa gefen taya ya yi tauri, ta jure duwatsu da kututture, sai dai in an yi gudu bisa kwalta zaruruwan na gugar juna, ta yi zafi, ta suɗe da wuri. Ta biyu a na ce mata radiyal. Ita zaruruwanta a miƙe su ke daga wannan baki zuwa wancan kamar haƙarƙari, sa'an nan aka kewaye su da ɗamarar waya ƙarƙashin zanen da ke taka ƙasa. Kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar dabararta a 1946, ya fito da ita kasuwa a 1949 da sunan Michelin X. Watau sa'ad da Ahmadu Bello ya zama hakimin Rabah a 1934, duk motar da ta shiga garin, ta Razdan ce ko ta Sarki, a kan saƙar tabarma ta zo, gama ba wata a kasuwa.

Abin lura shi ne kowace mota an yi sifirin ɗinta da sitiyarinta bisa ga tayar da aka san za ta hau. MG TC an yi ta don siririyar taya mai lamba 4.50-19. Land Rover ta farko, ta 1948, ta zo da 6.00-16, doguwarta kuwa 7.50-16, duka saƙar tabarma. Amma 404 da ta fito a 1960 ɗiyar radiyal ce. In littafin motar na nan, za ka ga an rubuta 165 x 380. Wannan 380 milimita ne, daidai da inci 15, shi ya sa yau a kan rubuta 165 R 15 ko 165/80 R 15. Ta 504 kuwa 175 R 14. Ashe ke nan tayar zamanin motarka ba wata baƙuwar aba ba ce, radiyal ce siririya mai dogon gefe.

Yanzu mu auna shawarar mai sayar da taya. Lambar tsakiya ita ke nuna tsawon gefen taya, kashi nawa ne cikin ɗari na faɗinta. Tayar 165/80 R 15 daga ƙasa zuwa bisa milimita 645 ce. A ce an ɗaura maka 195/60 R 15: ita 615 ce. Mota ta sunkuya ke nan da milimita 15, agogon gudu kuma ya shiga ƙarya, ya nuna kilomita 100 alhali wajen 95 ka ke yi. Mai zaman birni ya ce milimita 15 me ce ce? Wanda ya taɓa sauka daga kwalta ya nufi fadamar Rima da damina, ya bi sawun da manyan motocin albasa da shinkafa suka haƙa, ya ji cikin motarsa ya daki tudun tsakiya, shi ya san darajarta. Dogon gefe kuwa shi ne matashin mota a kan gargada. In an rage shi, duk dukan da taya ta saba shanyewa sai ya koma kan ƙarafan da sun girmi direba. Ban da haka, 404 sitiyarinta ƙarfin damtse ne kaɗai. Ƙara mata faɗin milimita 30 a kowace ƙafa, ka ga yadda juyawa a kasuwar Achida za ta zama kokawa. Rim ɗinta ma, watau da'irar ƙarfen da a ke ɗaura taya a kai, siriri ne, in an matsa masa faffaɗar taya sai ta yi tozo, tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa. A ganinmu ko a ido ba ta kyau, kamar a sa wa dattijo takalmin ƙwallo ne.

Shawarar aboki ta fi wannan haɗari, domin ta fi daɗin ji. Taya roba ce, roba kuwa tana tsufa ko ba a taka ta ba. Ta kan bushe, ta yi tauri, ɗamarar ciki ta fara rabuwa da jiki, alhali zanen waje na nan sabo ƙal. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Ikeja a 2008. To, duk tayar waɗannan kamfanoni da ke ɗauke da shaidar an yi ta a Nijeriya ta haura shekara goma sha biyar, alhali su kansu masu ƙira sun ce taya in ta kai shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta kome kyanta.  Ina ga ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, kwalta na tururi?

Sanin shekarun taya ba wuya. Duba gefenta inda aka rubuta haruffan DOT, ka bi lambobin har ƙarshe. Huɗun ƙarshe su ne ranar suna: 2319 na nufin mako na 23 cikin 2019. In uku ka gani maimakon huɗu, kafin shekarar 2000 aka yi ta, sai dai a yanka a yi guga ko takalmi. Haka za a duba tayun gwanjo 'yan Kwatano. Waɗansunsu ma na hunturun Turai ne, za ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don sanyin da ba mu da shi. Araha ba ta ado.

Jama'a, ba don ƙawa mu ke tsawaita wannan magana ba. Kowa ya san halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suka shiga, tun harin da aka kai ƙasar Gandi ta Rabah a 2018, har zuwa na kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021. Fashewar taya da iyali cikin mota, rana ta yi gora, tsakanin gari da gari, ba abin da za a saya da rangwamen kuɗi ba ne.

Ina za a sami sabuwa mai siffar da? Michelin har yanzu yana ƙera X da XAS, wadda ta fito a 1965, musamman don tsofaffin motoci, Pirelli na Italiya kuma yana ƙera Cinturato. Su ne ainihi, amma sai an yi odarsu daga waje, tsada kuwa ba a magana. Wanda motarsa ta hawan salla ce da ɗaukar amarya, in da hali ya saya. Wanda tasa ta zuwa aiki ce, kowane kamfanin kirki ya samu mai 165/80 R 15 ya wadatar. Lamba a ke bi, ba suna ba. Masu 504 su kan sami 185 R 14 C a kasuwa da sauƙi, domin ƙananan bas ke hawanta. Harafin C alamar ɗaukar kaya ce. Ta fi ta asali tsawo da milimita 16, ta dace da akori-kura mai jigilar buhuna in ba ta gugar jiki, amma a motar zama sai ƙashin baya ya gaya maka. Mai tsohuwar Land Rover da ke yawo cikin daji da ƙaya, saƙar tabarma ba ta da laifi gare shi. Sharaɗi guda: kada a haɗa iri biyu a layi ɗaya, hagu daban dama daban, kada kuma a sa radiyal gaba saƙar tabarma baya, gama a kwana bayan mota zai zame. Tayu masu farin gefe kuwa, irin adon Amurka, mun bar wa wanda ke da yaron wanke su safe da yamma.

Saura tif, watau robar ciki mai riƙe iska. Rim mai wayoyi kamar ƙafar keke, irin na MG TC, ba ya riƙe iska sai da shi, tsohon rim da tsatsa ta ci bakinsa ma haka. A sa mai faci ya kankare tsatsar, a shafa fenti, a sa sabon tif daidai awon tayar. In yashi ya riƙe ka a rage iska kaɗan a fita, amma a mayar da ita kafin a hau kwalta. Safaya kuma, Malam, a lissafa da ita: biyar za ka saya, ba huɗu ba.