Dogon Hutu Ya Zo, Kuɗin Cefane Bai Motsa Ba

Makarantu sun rufe, 'yan makarantar kwana sun dawo da akwatunansu, kuma kamar yadda aka saba a kowace shekara, shafukan sada zumunta sun cika da abin da masu shirya shi ke kira jadawalin girkin hutu, wato tsarin abincin mako guda da ake jerawa daga karin kumallo zuwa abincin dare domin uwargida ta bi. Abin da ya ɓata wa wannan fili rai a makon nan shi ne yadda waɗannan jadawaloli suka cika da soyayyen dankalin Turawa da ƙwai da safe, da shinkafa da kaza da rana, da farfesu da lemon kwalba da dare, sannan a yi musu laƙabi da girki mai sauƙin kuɗi. Matar da ta kalli irin wannan hoto, ta waiwaya ta dubi kwanon garin masarar da ke gabanta, ba abin da za ta ƙaru da shi sai ƙuncin zuciya da jin cewa ta gaza, alhali abin da ke cikin kwanon nata ya fi dacewa da aljihun gidanta, kuma idan aka sarrafa shi da sani, ya fi amfani ga jikin 'ya'yanta.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon hatsi daga ƙauye zuwa birni ya tashi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar 2024, kuma duk sauƙin da aka samu bayan nan bai mayar da kasuwa inda take a da ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a watan Yuli na 2024 shi ne naira 70,000, wanda idan aka raba shi kwana 30 zai ba da abin da bai kai naira 2,400 ba a rana. Gidan da ke da mutum shida, kowa na cin abinci sau uku, yana buƙatar kwano 18 a yini, wato kusan naira 130 ke nan kowane kwano, kuma wannan idan an ɗauka ba a biya haya ba, ba a sayi magani ba, ba a ajiye ko kwabo ba domin kuɗin makarantar da ke jiran iyaye a watan Satumba.

Abin da masu jadawalin suka manta, ko ba su taɓa sani ba, shi ne cewa dogon hutu a ƙasar Hausa yana faɗowa ne a mafi tsananin lokaci na shekara. Daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Satumba lokacin marka ne, wato tsakiyar damina da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, lokacin da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu, sabo kuma bai iso ba, saboda haka farashin gero da dawa da masara yakan kai ƙololuwarsa kafin kaka. Tumatir ma yakan yi tsada, domin mafi yawan wanda ake ci a Arewa na noman rani ne daga wurare irin su Kadawa da Kura. Amma wannan damina da ta tsadantar da hatsi ita ce kuma ta zubar da ganye a ko'ina, domin zogale da rama da tafasa da yakuwa da alayyafo da ɗanyar kuɓewa ba su da lokacin araha da ya wuce wannan, nono ya yawaita a hannun Fulani saboda ciyawa ta samu, ƙwan zabi ya shigo kasuwa, kuma zuwa ƙarshen hutun sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa sun fara fitowa. Tsarin girkin da ya san ƙasarsa daga nan yake farawa, ya rage dogaro da miyar tumatir, ya karkata ga miyar ganye da taushe da kuka da kuɓewa, ya bar kauɗa, wato busasshen tumatir da aka yanka aka shanya tun rani, ta cike gurbin ɗanyen idan an matsa sai an ga jan miya.

Masu bibiyar wannan fili sun san inda maganar za ta nufa, domin an sha faɗa a nan cewa wake shi ne naman talaka, kuma ba za a gaji da maimaitawa ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Jamhuriyar Nijar na biye da ita, kuma masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya da Cibiyar IITA mai reshe a Kano sun shafe shekaru suna fitar da irin da ke nuna da wuri, amma duk da haka akwai gidajen da ake ganin dafa wake alamar karayar arziki ce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, wato sinadarin da ke gina tsoka da jini da sauran sassan jikin yaro mai tasowa, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Hatsi irin su masara da dawa da gero suna da ƙarancin wani ɓangare na furotin da ake kira laisin, wanda wake ke da shi a wadace, shi kuma wake yana da ƙarancin wani ɓangaren da hatsi ke da shi, saboda haka idan suka haɗu a ciki guda sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Kakannin da suka haɗa ƙosai da koko, da shinkafa da wake, da wasa-wasa da wake, da garin wake da alabo a ɗanwake, ba su karanta wannan a littafi ba, amma abin da binciken zamani ya tabbatar ke nan.

Daga kwano guda na wake ana iya fitar da abincin da yaro ba zai gane abu ɗaya ake juya masa ba. Ran Asabar a yi garau-garau da mai da yaji da ɗan yankan albasa, ran Litinin a surfa a markaɗa a yi alale, wata safiyar a soya ƙosai a sha da kunun tsamiya, wata ranar a yi faten wake da alayyafo da manja, ranar da lokaci ya ƙure kuwa ɗanwake ba ya ɗaukar abin da ya wuce tafasar ruwa da jefawa. Waken suya yana ba da awara, wadda idan aka soya ta aka jefa a miya ta tsaya a matsayin nama, kuma idan aka soya shi sama-sama aka haɗa da gero ko dawa da gyaɗa kaɗan aka niƙa, ana samun garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koya wa iyaye mata domin yaran da suka rame. Ƙuliƙuli da aka daka aka kwaɗanta zogale ko rama da shi abincin marece ne cikakke, kuma daddawa da ɗan busasshen kifi suna ba miya ɗanɗanon da zai rage yawan dunƙulen da ake zubawa. Ƙorafin cewa wake yana cin wuta gaskiya ne, amma maganinsa shi ne a jiƙa shi tun dare a zubar da ruwan da safe, abin da ke rage lokacin dahuwa, ya kuma rage kumburin ciki. Mai halin sayen wake da yawa kuma ya nemi buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke toshe iska har ƙwarin ciki su mutu ba tare da an zuba maganin ƙwari ba, domin irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a shekarar 2015, kuma abin da Bature ya ƙi ci bai kamata a zuba wa yaro a kwano ba.

Wuta ita ce ɓarauniyar da ba a lissafawa, ko gas ne ko gawayi ko itace, wanda ma a marka yakan jiƙe ya ƙi kamawa. Gidan da ke hura wuta sau uku a yini domin girki uku dabam-dabam yana ƙona kuɗin da zai sayi mudun wake, alhali idan aka tuƙa tuwon dare da yawa, ɗumamen safe ya samu da 'yar wuta kaɗan, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san yaron da ya ci ɗumame ba ya waiwayar madafa sai azahar. Sharaɗin kawai shi ne a rufe abincin da kyau, a kuma tafasa miyar har ta yi zafi sosai kafin a ci, domin damina lokacin amai da gudawa ce, haka nan a guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, saboda gubar da ke cikinsu tana lahani ga hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta. Taliyar leda da yara ke kuka a kanta ba haramun ba ce, amma ƙaramin ƙunshi ɗaya ba ya ƙosar da ɗan shekara goma, gishirinta yana da yawa, kuma kuɗin ƙunshi shida ya isa a yi faten tsaki da yakuwa wanda gida duka zai ci ya rage.

Sai dai duk wannan bayani aikin banza ne muddin maigida ya ci gaba da ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, ta ajiye kuɗin cefane a bakin ƙofa da safe ya fice, adadin da yake bayarwa tun yara na makaranta, kamar bai san bakunan da ke gidan sun ƙaru ba. A lokacin karatu yaro yana wuni a aji, ɗan makarantar kwana ba ya gida sam, amma a hutu kowa yana zaune, ga 'ya'yan dangi da aka kawo su yi hutu, ga yunwar zaman banza da ke sa yaro ya nemi abin taɓawa kowace sa'a. Kuɗin adaidaita sahu da kuɗin tara, wato ɗan abin da ake ba yaro ya sayi abinci lokacin hutun safe a makaranta, duk sun faɗa aljihun maigida a waɗannan makonni, kuma adalci shi ne su koma tukunya. Abin takaici, da yawa daga cikin masu cewa babu su ne za a tarar da daddare a teburin mai shayi ana soya musu ƙwai uku, ko a gaban mai tsire ana naɗe musu na dubu biyu su cinye a tsaye kafin su shiga gida, su kuma yi faɗa idan suka tarar miya ba nama. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi, domin ciyar da iyali wajibi ne da addini ya ɗora wa namiji gwargwadon halinsa, kuma wanda ya ƙoshi a waje ya bar matarsa tana rabon loma tsakanin yara bai sauke wannan wajibi ba. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57, kuma ba duka waɗannan yara ne suka fito daga gidajen da babu ko sisi ba.

Za a ce mai neman na yau da yau ba shi da abin da zai tsara, kuma wannan gaskiya ce da nauyinta ke wuyan hukuma, amma ko shi yana iya haɗa kai da maƙwabta huɗu ko biyar, ko a karkatar da adashin wata guda, a sayi buhu a kasuwar Dawanau ko a kasuwar ƙauye mafi kusa a raba da kwano, maimakon sayen gwangwani-gwangwani a shagon unguwa inda riba ke hawa kan riba.

Tsarin kansa zama ɗaya ne na miji da mata da takarda da biro, a ƙirga bakunan da ke gida, a auna kwano nawa na hatsi da wake ake ci a mako, a kai niƙa sau ɗaya, a ware kuɗin mai da gishiri da daddawa na wata, a bar ganye da kayan miya kaɗai a matsayin sayen yau da kullum. Yara ma su shiga cikin aikin, maza da mata, domin tsintar wake da zage zogale da tankaɗe da zuwa inji ba su taɓa rage wa ɗa namiji daraja ba, kuma yarinyar da ke koyon tuƙin tuwo a gaban uwarta ta fi wadda aka ɗora wa farantin talla tana yawo cikin ruwan sama tsira da mutuncinta. Ana kira ga magidanta da su yi wannan zama da iyalansu kafin Juma'a mai zuwa, su kuma mayar da kuɗin mota da kuɗin tara na makonnin hutun nan cikin kuɗin cefane.