Jan Kunci da Launin Fatarmu: Shawara Ga 'Yan Uwana Mata a Mubi

 Yau maganar ta mata ce, amma iyayenmu maza kada ku gudu, domin daga aljihunku kuɗin lefe ke fita.

Abin da nake so in yi tsokaci a kai shi ne hodar nan da ake shafawa a kumatu, wadda 'yan mata ke kira bulosh, ni kuwa nake ce mata jan kunci. Ra'ayina a taƙaice shi ne: a sayi kwalliyar da ta dace da fata, kada a canza fata don ta dace da kwalliya. Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce. Ku biyo ni, za ku ga ba ƙarama ba ce.

A shekarun nan wani salo ya yaɗu a TikTok da Instagram, inda ake zaunar da mace gaban madubi a riƙa ɗora mata ƙyallaye kala-kala a ƙarƙashin haɓa, daga nan a ce mata ke 'yar yanayi kaza ce. Abin ba sabo ba ne. Wata Ba'amurkiya mai suna Carole Jackson ce ta shahara da shi a littafinta Color Me Beautiful na 1980. Ta raba mutane gida huɗu bisa yanayin shekarar Turawa: lokacin tohon furanni, lokacin zafi, kaka da hunturu. 'Yan toho da 'yan kaka su ne masu ɗumin launi, wato a ƙarƙashin fatarsu akwai ruwan zinare ko ɗorawa. Sauran biyun masu sanyin launi ne, fatarsu ta karkata ga ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi.

Matsalar ita ce an gina tsarin ne a kan fatar Turawa, da launin gashinsu da na idonsu. Mu kuwa kusan dukkanmu gashinmu baƙi ne, idonmu ruwan ƙasa. Shi ya sa aka daɗe ana tattara baƙar mace a cusa ta cikin hunturu ko kaka a wuce wurin. To amma duk wadda ta taɓa shiga babbar kasuwar Mubi ta san ba haka abin yake ba. Ki tsaya minti goma ki kalli fuskoki: Gude, Fali, Margi, Higi, Kilba, Fulani, mu Hausawa, da 'yan uwanmu masu shigowa daga Kamaru. Wata baƙa ce mai ja-ja, wata baƙa mai sheƙi, wata wankan tarwaɗa, wata kamar zuma. Kuma a gidajenmu da aka yi auratayya, 'ya'yan ɗaki ɗaya ma ba launinsu ɗaya ba. Akwati huɗu ba zai ɗauke mu ba.

Duk da haka ba na cewa a watsar da tsarin gaba ɗaya. Akwai ƙwaya a cikin dusar, ita ce maganar ɗumi da sanyi. Yawancin waɗanda muke kira wankan tarwaɗa masu ɗumi ne. Ga yadda za ki gane. Ki fita tsakar gida da hantsi, fuska a wanke, ki zauna a inuwa, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Ki kara farin mayafi fat a wuyanki, sannan ki kara mai ruwan madara. Ki gwada ɗankunnen zinare, ki gwada na azurfa. In ruwan madara da zinare suka sa fuskarki ta yi fes, farin da azurfar kuma suka sa ta yi fayau kamar mai tashi daga zazzaɓi, to ke mai ɗumi ce. Gwajin duba launin jijiyar hannu da ake yayatawa ba ya yi wa mai duhun fata aiki sosai, kada ki wahalar da kanki.

To wane jan kunci ne naki? In kina da haske, nemi mai kama da cikin nunanniyar gwanda ko ruwan goro mai sauƙi. In kin ɗan fi duhu, nemi jan bulo, ko jan tukunyar ƙasa, ko irin jan da lalle ke bari a tafin hannu in ya kama da kyau. Mai duhu sosai kada ta ji tsoron launi mai ƙarfi, makuba mai ja-ja ko ruwan manja, domin mai rauni ɓacewa yake yi a fuskarta. Abin gudu shi ne ruwan hoda mai fari-fari irin na 'yar tsana. A kan fata mai ruwan zinare toka-toka yake komawa, sai ka ce an bi ta hanyar Maiha da hunturu a kan babur. Kuma ki lura da namu yanayin, ba na Turawa ba: da bazara mai gari ya fi jure gumi, da hunturu kuwa fata na bushewa, mai maiƙo ya fi kwanciya. Ki gwada a kumatunki, ki fito haske ki duba kafin ki biya. Saye daga hoton waya cinikin biri a sama ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Yarinya ta ga amarya a Instagram, an yi mata kwalliya a Kano ko Abuja, an kuma ƙara wa hoton haske. Ta sayi irin hodar, ta shafa, ba ta karɓe ta ba. Maimakon ta ce hodar ce ba tata ba, sai ta yanke hukunci cewa fatarta ce ke da laifi. Daga nan sai mai na bilicin, sai haɗin da ake sayarwa a roba babu suna babu lambar NAFDAC. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Irin waɗannan mayuka kan ƙunshi sinadarin makyuri mai lalata ƙoda, ko haidrokwinon da kan bar baƙin tabo mai wuyar fita, abin takaici a kan kumatun da ake son gyarawa, ko kuma magungunan da ke sa fata ta yi siriri har ciwo ya ƙi warkewa. Mu da ke bakin iyaka, inda kaya ke shiga da fita ta ko'ina, mu ya fi kamata mu buɗe ido.

Wata za ta ce ai namu kalar ba a samu a kasuwa. Da can gaskiya ne, yanzu kam uzurin ya ragu. Tara Fela-Durotoye ta kafa House of Tara a Legas tun 1998, kuma da Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da kalar hoda 40, manyan kamfanoni suka farga cewa baƙar mace ma mai saye ce. Saura 'yan kasuwarmu masu sari daga Kano da Onica. Don Allah Alhaji, kada ka cika shago da kala ɗaya don ita ce mai araha. Mu kuma masu saye mu riƙa tambaya, ɗan kasuwa abin da ake nema yake kawowa.

Masu yi wa amare kwalliya, ku ji tsoron Allah, ku bar mana 'ya'yanmu da kamanninsu. Bai kamata gwaggon amarya ta taso tun daga Katsina ta zo tana tambayar ina amaryar take ba. Masu haɗa lefe, ku tambayi launin yarinya kafin ku zuba kayan shafa a akwati. Iyaye mata kuma mu daina cewa "wance ta fi kyau, ai fara ce" a gaban yara, domin suna ji, suna kuma ajiyewa. Kakanninmu da kwalli da lalle da man kaɗanya suka yi zamaninsu, ba wadda ta ɗaye fatarta. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.