Kafin Ki Biya a Gina Miki Shafin Intanet, Ki San Hannun da Makulli Yake

Wannan makon na ɗan ajiye zancen awo da rigakafi, saboda wani abu da ya sami yayata ya tsaya min a rai, kuma na san akwai irinta da yawa a cikinku.

Yaya tana aure a Malumfashi, sana'arta garin kunun yara, wanda ake kira Tom Brown. Waken soya da gyaɗa da dawa take soyawa, ta kai niƙa, ta ƙulla a leda. Kayan haɗin a ƙofar gida suke, tunda daga Funtua zuwa Bakori, Kafur da Malumfashi ba abin da Allah ya hore mana kamar hatsi. Kasuwa ta buɗe mata har tana sa kaya a mota zuwa Kano da Kaduna. Ana nan sai wani saurayi ya ce zai buɗe mata shafin intanet. Ta biya shi kuɗin da ya kai na buhun masara biyu, shafi ya yi kyau, har ta sa aka buga adireshinsa a jikin ledojinta.

Bayan shekara guda wata mai saye ta kira daga Kaduna ta ce shafin ba ya buɗewa. Aka nemi saurayin, ya bar gari, lambarsa ba ta shiga. Da safe ina saukowa daga aikin dare ta kira ni.

"Ƙanwata, ashe shafi ma mutuwa yake yi?"

Na ce, "Yaya, ba mutuwa ya yi ba. Kuɗin haya ne ya ƙare, kuma takardar hayar ba sunanki ke kai ba."

Da imel ɗinsa ya yi rajistar komai. Saƙon tunin biyan kuɗi shi aka dinga aika wa, ita ko kalmar sirri ba ta da ita. Ban ce da mugunta ya yi ba, wataƙila haka ya iya. Amma da Yaya ta san abubuwa uku, da ba a kai ga haka ba.

Abubuwa ukun da ke riƙe da shafi

Na farko adireshi, wanda masu harkar ke ce wa domen. Shi ne sunan da ake rubutawa a waya shafinki ya buɗe. Ba a sayensa a mallaka har abada, haya ce da ake sabuntawa, yawanci duk shekara. In wa'adi ya wuce ba a biya ba, bayan ɗan lokaci sunan yakan koma kasuwa, kowa na iya ɗauka. Adireshin da ya ƙare da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin wata ƙungiya ce mai suna NiRA, kuma ana yin rajistarsa ta hannun kamfanonin da ta amince da su, a biya da naira.

Na biyu masauki, wato hostin. Kwamfuta ce ta wani kamfani da ke kunne dare da rana, a cikinta hotunanki da rubutunki ke zaune. Shi ma haya ne.

Na uku manhajar da ake gina shafin da ita. Wadda ta fi shahara ita ce WordPress. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fito da ita a watan Mayun 2003, kuma yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya da ita aka gina su. Kyauta ce. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin sayen WordPress kanta, bai faɗa miki gaskiya ba. Abin da ake biya shi ne adireshi, masauki, da ladan aikin mai ginawa.

Akwai wani wuri da ke rikita masu koyo. WordPress.org shi ne inda manhajar take, ki ɗauka ki dasa a masaukin da kika kama. WordPress.com kuwa kamfanin Automattic ne ke ba da masauki da manhaja a haɗe. Yana da tsarin kyauta, sai dai adireshinki zai ƙare da sunansu, su sa talla a shafinki, kuma ba za ki iya ƙara duk abin da kike so ba. Ga mai koyo, wannan na kyautan ya isa a fara da shi. Haka ma Blogger na kamfanin Google, da imel ɗin Gmail kawai ake buɗe shi.

To ina ake koyo?

Bayan abin da ya faru, babbar 'yar Yaya, wadda ta gama sakandare tana jiran sakamakon JAMB, ta ce ita za ta koya. Ni ma na zauna da ita a ranakun hutuna. Ga wuraren da suka yi mana amfani.

Learn WordPress makaranta ce ta kyauta da masu kula da manhajar suka buɗe. Ki rubuta sunan a Google za ki gan ta. Akwai darussan masu farawa a jere, gajerun bidiyo ne tare da rubutu a ƙasa, daga yadda ake shiga ɗakin sarrafa shafi zuwa yadda ake ɗora hoto. Da Turanci ne, amma in datarki ta yi ƙasa kina iya karanta rubutun ki bar bidiyon.

WordPress Playground wurin gwaji ne. Yana buɗe miki cikakken shafi a take, ba rajista ba biya, ki taɓa duk abin da kike so, ki lalata, ki sake. Mu ma a makarantar jinya da 'yar tsana muka fara koyo kafin a bar mu mu taɓa mutum. Ki sani dai abin da kika gina a nan ba mai zama ba ne.

A YouTube akwai masu koyarwa da yawa, har da matasanmu masu bayani da Hausa. Sai dai ki duba shekarar bidiyon. A Disambar 2018 WordPress ta canza wurin rubutu zuwa tsarin jera bulo bulo, saboda haka bidiyon da ya girmi wannan lokaci zai nuna miki abin da ba za ki gani a wayarki ba. Ki rage ƙarfin hoton bidiyo, ko ki sauke shi da datar dare mai rahusa ki kalla da rana.

In yarinya ta nuna sha'awar zurfafawa, akwai freeCodeCamp da W3Schools, inda ake koyon HTML da CSS, wato ƙashin bayan kowane shafi. Akwai kuma shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 tare da hukumar NITDA, wanda ke horar da matasa sana'o'in fasaha kyauta. Ana neman shiga ta intanet idan sun buɗe ɗaukar sabon rukuni.

Waya ta isa a koyi abubuwa da yawa, kuma akwai manhajar WordPress ta waya da ake ɗora rubutu da hoto da ita. Amma ranar tsara fasalin shafi, kwamfuta ta fi sauƙi. Mu aron ta maƙwabta muka yi na kwana biyu.

Kowa ke buƙatar shafi?

A'a. In masu sayen kayanki duk a unguwa suke, WhatsApp ya wadatar, kada ki kashe jarinki. Shafi na amfanar wadda ke sayar wa mutanen da ba su san ta ba, waɗanda ke son ganin farashi, abin da ke cikin kaya, da yadda ake aikowa kafin su tura kuɗi. Idan kasuwa ta girma ana iya ƙara WooCommerce, wata ƙaramar manhaja da ke mayar da shafin WordPress kanti, a haɗa ta da Paystack ko Flutterwave don karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani dalili. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duk duniya na kusan awa shida. Mu a Funtua da Malumfashi sai daga baya muka ji labari, domin tun watan Satumba aka katse mana layukan waya saboda matsalar tsaro. Wadda duk sunayen masu sayenta da hotunan kayanta ke cikin asusu ɗaya, ranar da aka rufe shi ko aka sace wayar, sai ta koma farko. Kayan aro ba ya rufe katara.

In wani ne zai gina miki

Ba laifi ba ne ki biya wanda ya iya, sana'arsa ce. Amma ki zauna kusa da shi ranar rajista. Imel ɗinki da lambar wayarki za a sa a domen da masauki. Ya ba ki matsayin mai cikakken iko a shafin, wanda ake kira admin, ki shiga da hannunki a gabansa, sannan ki canza kalmar sirri bayan ya gama. Ki tambayi ranar da haya za ta ƙare da nawa ne sabuntawa, domin sau da yawa kuɗin shekarar farko ya fi na biyu sauƙi. Ki rubuta ranar a inda kike ajiye katin rigakafin yara.

Shafi ma yana da nasa rigakafin. Idan ya nuna akwai sabuntawa, a sabunta, domin ta tsofaffin manhajoji ɓarayin intanet suka fi shiga. A riƙa adana kwafin shafin lokaci lokaci. Kada a sauke manhajar kuɗi da wani ya raba kyauta a wani lungu na intanet, sau da yawa da cuta a cikinta.

Sai kuma abin da ba zan iya yin shiru a kai ba a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Kada ki rubuta cewa garinki ko haɗinki yana maganin wata cuta. Ki faɗi abin da ke ciki dalla dalla, musamman gyaɗa da waken soya, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar su. Ki rubuta cewa kunun yara sai jariri ya cika wata shida ake fara shi, tare da ci gaba da shayarwa. In kina ƙulla abinci a leda da sunanki, ki nemi rajistar NAFDAC. Kuma kada ki ɗora hoton ɗan wata don talla ba da izinin iyayensa ba, naki ma ki yi tunani kafin ki sa fuskarsa da sunan makarantarsa a inda duniya ke gani.

Tsohon adireshin Yaya bai dawo ba. 'Yarta ta gina sabo cikin makonni shida, shafi huɗu kacal: kayanmu, farashi, yadda ake aikowa, da lambar waya. Ledojin da aka riga aka buga, zama suka yi da yara suna liƙa ƙaramar takarda a kan tsohon adireshin ɗaya bayan ɗaya. Yanzu wata mai turaren wuta a layinsu ta nemi yarinyar ta gina mata nata, kuma sharaɗin farko da ta gindaya mata shi ne, "Umma, ki zo da imel ɗinki."

Aikin wannan makon ƙarami ne. In kina da shafi, ki gwada shiga da kanki yau, ki duba sunan wa ke kan rajistar. In ba ki da shi amma kina da yarinya ko yaro da ke zaune yana jiran makaranta, ki ba shi aron wayar na rabin awa ya buɗe darasin farko. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.