Kasuwar Cikin Waya: Masu Leƙe Daban, Masu Saye Daban

A tarukan asusu na kwanan nan, kuka ɗaya muke ta ji daga waɗanda suka fara talla a waya: "Na ɗora hoton ƙuli-ƙulina, na ɗora na turaren wuta, amma shiru kake ji." Wasu ma bashin asusu suka ci suka sari kayan, ga ranar biya tana matsowa. To bari mu zauna a kan wannan magana.

A kasuwar Maradi ko ta Dole a Damagaram, ko ba ki kira kowa ba, jama'a za su gitta ta gaban tirenki. A waya ba mai gittawa sai wanda kika share wa hanya. Sitatus ɗin WhatsApp, wanda kika adana lambarsa kuma shi ma ya adana taki ne kaɗai ke ganinsa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Ke nan in lambobi 30 ne a wayarki, rabi ƴan gidanku, su ne iyakar kasuwarki. Aikin farko shi ne tara lambobi. Mu rubuta lambarmu a jikin kowace leda da kowace kwalba. A gidan biki ko suna, duk wadda ta yaba yajinmu mu ce mata: "Hajiya, adana lambata, ki ba ni taki."

Sai ƙirge, kuma nan ne da yawanmu ke sakaci. Ƙasan kowane sitatus akwai alamar ido da ke nuna mutum nawa suka gani. Mu ware shafi a littafinmu, mu ja layi uku: waɗanda suka gani, waɗanda suka tambaya, waɗanda suka saya. A ce mutum 80 sun gani, 6 sun tambaya, 2 sun saya. Bayan sati biyu ana rubutawa, littafin da kansa zai nuna inda ciwon yake. In masu gani kaɗan ne, lambobi muke buƙata. In ana gani ba a tambaya, a duba hoton: ko ya yi duhu, ko ba a sa kuɗin kaya ba. Mata da dama kunyar tambayar farashi suke ji, sai su wuce abinsu. A rubuta shi ƙuru-ƙuru: kwalba jika 1, tiya jika 2. In kuwa ana tambaya ba a saye, galibi jinkirin amsa ne, ko kuɗin aike da ba a faɗa tun farko ba.

Kada mu cika wa mutane waya. Hoto uku masu haske sun fi ashirin, bidiyo mai tsawo kuwa cinye musu forfe yake yi, gobe su tsallake mu. Kowa ta gwada lokaci biyu, da hantsi da bayan isha'i, littafi ya faɗa mata wanda ya fi. Mu tuna kuma ba duk masu sayenmu ke karatu ba, saƙon murya gajere ya fi musu.

Wani lokacin matsalar yawan mutane ce, musamman gab da salla. Saƙo ya yi ta shigowa, a rikice, a manta wadda ta biya da wadda ba ta biya ba. WhatsApp Business kyauta ake sauke shi. Yana da wurin jera kaya da farashinsu, da saƙon gaisuwa mai tafiya da kansa, da alamomi masu launi na raba sabon ciniki da wanda aka biya da wanda aka aika. Kuma mu san iyakar hannunmu. In kwalba 40 muke iya cikawa a sati, kada mu karɓi kuɗin 60. A sa "ya ƙare, sai sati mai zuwa". Wadda aka saɓa wa alkawari ba ta dawowa, kuma ba ta yin shiru.

Game da kuɗi, hoton rasit ba kuɗi ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Sai saƙon shigar kuɗi ya zo wayarmu, ko mun karɓa a hannu a wurin aike, kana kaya su tafi tasha. Haka masu cewa a ba su kuɗi su kawo mana dubban mabiya a Facebook: taron yuyuyu ne, ba mai sayen ko ƙulli ɗaya. Kuɗin asusu ba na wannan ba ne.

Abin da muke da shi wanda manyan ƴan kasuwa ba su da shi, shi ne junanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mu 25 ne a ƙungiya, mu yi adashen talla: kowace rana kayan mace ɗaya, dukanmu mu ɗora hotonta da lambarta a sitatus. Kafin wata ya cika zagaye ya kai kan kowa, kayanta sun shiga wayoyin da ba ta taɓa sani ba, ba ta kashe ko dala ba.

A taro mai zuwa kowa ta zo da littafinta mai layi uku, mu duba tare bayan zubi. Allah ya sa wa nemanmu albarka, amin.