FILIN 'YAN UWA MATA: Wai Nonon Yaya Ne Ya Lalace?

  Masu rubuto mini wasiƙa suna tambayar kashi na biyu na littafina, ku yi mini afuwa, yana nan tafe. Wannan watan dai babu hirar soyayya, wani abu ne ya faru a gidanmu da na ga bai kamata in bar shi a cikina ba.

Yayata ce ta zo wankan jego gida, haihuwar fari. Kun dai san yadda ake ji da mai jego a wurinmu. Da safe kunun kanwa da shayi mai kauri, madara kamar a kafa cokali ya tsaya, da rana Umma ta dama mata fura da nono har da kindirmo, wai don ruwan nono ya zo. Jaririya kuwa tubarkalla, ɓul-ɓul da ita.

Ranar da ta cika kwana 33 ina canza mata nafkin sai na ga wani yauƙi kamar majina a cikin kashin, da sirin-sirin jini ja a jikinsa. Gabana ya yanke ya faɗi. Yaya da kullum take kunyar 'yar fari, ko kallonta ba ta yi a gaban mutane, ranar ta manta da wata kunya, ta fizge ta tana kuka.

Kafin la'asar gida ya cika da masu magani. Wannan ta ce atini ne, waccan ta ce ɗankanoma ne a nemo saiwa. Goggonmu kuwa cewa ta yi nonon ne ba shi da kyau, a tatso a jefa tururuwa a ciki, in ta mutu to a cire yarinya daga nono a sayo madarar gwangwani. Ni dai ban ga laifin Goggo ba, abin da ta taras ke nan. Amma don Allah tururuwar da aka tsunduma a ruwa, ko na rijiya ne, me ake jira ta yi? Allah Ya taimake mu mijin Yaya ya ce babu abin da za a ɗura wa 'yarsa sai likita ya gani.

Likitar yara mace ce. Ta ɗora yarinya a sikeli, ta taɓa cikinta, ta duba duburarta ko akwai 'yar tsagewa, ta duba kan nonon Yaya ko ya tsage jaririya tana haɗiyar jini, ta sa aka yi gwajin kashi da na jini. Da sakamako ya fito sai ta dubi Yaya ta ce, "Malama, me kike ci tunda kika haihu?" Yaya ta lissafa. Likita ta yi murmushi ta ce, "Nononki lafiyarsa ƙalau, kar ki kuskura ki yaye ta. Ke ce za ki bar nonon saniya."

Ga yadda ta yi mana bayani, don sai da na ciro biro na rubuta. A cikin madarar saniya akwai sinadarin gina jiki da ake kira furotin. In uwa ta sha, ɗan kaɗan daga cikinsa yana bi ta nononta ya isa cikin jariri. Yawancin jarirai ba ruwansu. Amma wasu garkuwar jikinsu takan ɗauke shi tamkar abokin gaba, sai ƙarshen babban hanji ya kumbura ya riƙa tsatsafo da jini da majina. Shi ne abin da likitoci ke kira alaji, wato jiki ya ƙi wani abinci. An fi ganinsa daga sati 2 zuwa sati 8 da haihuwa, kuma abin mamaki da yawansu 'yan nonon uwa ne zalla. Madarar saniya ce kan gaba wajen jawo shi, sai ƙwai da waken suya. Alamarsa ita ce jariri yana cikin walwalarsa, yana tsotso, yana ƙiba, babu zazzaɓi, jinin ne kawai ke tayar da hankali.

Kun ga ke nan da an bi shawarar Goggo da an gudu ba a tsira ba, domin madarar gwangwanin jarirai da muka saba gani a kanti daga madarar saniya ake yin ta. Na tambaya to nonon akuya fa? Ta ce furotin ɗinsu ya yi kama da juna ƙwarai, wanda ya ƙi wannan yakan ƙi wancan, kuma dama bai dace da jariri ba. Wanda ba ya samun nonon uwa akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, likita ke rubutawa, sai dai akwai tsada.

Nan fa aka shiga daru. Ba nono, ba kindirmo, ba yogot, ba man shanu, ba cuku, ba madarar shayi, har biskit da alewar madara da kek sai an duba. Umma ta ce, "Yau ni na ga ta kaina, mai jego ba fura da nono, da me za ta shayar?" Wallahi sai da muka yi da gaske. Aka koma dama fura da ruwa, aka ƙara mata nama da kifi da wake, ga miyar kuka da kwaɗon zogale da riɗi, don likita ta ce suna da sinadarin ƙarfafa ƙashi da za ta rasa daga madara. A kwana na 4 jinin ya ragu sosai, kafin sati 2 babu shi babu alamarsa. Bayan wata guda likita ta sa Yaya ta sake shan madara don a tabbatar ba dace aka yi ba. Jini ya dawo, ta sake bari, ya ɗauke. Daga ranar Umma da kanta take gadin ƙwaryar nono.

Sai dai ina roƙonku, kar wata ta karanta wannan ta zama likitar kanta. Ba kowane jini a kashin jariri ba ne alaji. In akwai zazzaɓi, ko zawo kamar ruwa, ko amai musamman kore, ko ciki ya kumbura, ko jariri ya yi laushi ya ƙi nono, ko yana tsala ihu yana naɗe ƙafafu kashinsa ya fito ja mai dalala, wannan ko tsakar dare ne a nufi asibiti. Yana iya zama atini, yana iya zama hanji ne ya shige cikin hanji, wanda ba ya jiran gari ya waye. Akwai kuma wani nau'in alajin mai tsanani, inda jariri zai yi ta sheƙa amai awa 1 zuwa 4 bayan ya sha madarar, ya yi fari fat ya galabaita. Shi ma na gaggawa ne. In za ki tafi ki naɗe nafkin ɗin a leda ki tafi da shi, ko ki ɗauki hotonsa a waya, ya fi dogon bayani.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, na san za ku ce ina ruwanmu, ko saurayi ba mu yi ba. To ku ne dai masu wankin nafkin a gida, sau da yawa ku kuke fara gani. In kun gani ku faɗa, kar ku wanke ku yi shiru don tsoron faɗa.

Likita ta ce yawancin masu wannan larura suna rabuwa da ita kafin su cika shekara 1, haka kuwa aka yi. 'Yar tamu yanzu watanta 13, an fara ba ta kindirmo kaɗan-kaɗan bisa umarnin likita, shiru babu komai. Satin da ya wuce na same ta a cinyar Goggo tana ba ta fura da ludayi, Goggo na cewa ai dama ita tun farko ta san ba nonon uwar ba ne. Muka haɗa ido da Yaya, kowa ta kama bakinta.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Taku har kullum.